Kafin ka bar na'ura ta kashe maka talla, karanta takardarta

Kwana uku ke nan ina fama da takardar bayanin wata manhaja, irin waɗannan na ƙirƙirarriyar basira da ake danƙa wa ragamar shafin talla su riƙa yanke hukunci da kansu. Za ka saka talla iri biyu a Facebook ko Instagram, ita kuma ta zuba ido, da zarar ta ga ɗaya ya yi gaba sai ta kashe ɗayan don kada kuɗinka ya tafi a banza. Wani abokina ne ya turo min, wai in gwada wa yayata da ke sayar da shinkafa 'yar gida a nan Birnin Kebbi, tunda ni ke kula mata da talla.

Maganar gaskiya, ra'ayin ya burge ni. Wanda ke ware naira dubu biyar a rana ba shi da ƙarfin ciyar da tallan da ba ya kawo ciniki. Amma takardar ta sanyaya min gwiwa. Yadda za ka haɗa asusunka da yadda za ka biya su, an zayyana shi da hotuna. Da na zo inda ya kamata a faɗi ƙa'idar da take bi kafin ta tsayar da gwaji, layi biyu kacal na tarar, wai tana tsayarwa ne idan ta samu tabbaci. Tabbaci na me? Bayan mutum nawa sun gani? Shiru.

Ku ɗauki gasar kamun kifi ta Argungu. A ce an shiga Matan Fada, minti biyar da farawa wani ya fito da ɗan kifi, sai alƙali ya ce an tashi, shi ya ci. Mai giwan ruwa kuwa yana can ƙasa bai ɗago ba. Hakan ke faruwa da talla a kwanakin farko, sa'a ce ke rawa a alƙaluman.

Masana lissafi sun daɗe da auna wannan. Tun a 1969 Armitage da abokan aikinsa suka nuna cewa gwajin da aka tsara a kan kuskuren kashi 5 cikin 100, in ana leƙa shi ana neman tsayarwa, leƙawa biyar na kai kuskuren wajen kashi 14, leƙawa goma kuma wajen kashi 19. Wato ko tallan biyu ƙarfinsu ɗaya ne, yawan leƙe kaɗai zai sa ka ga gwani inda babu. To ina ga na'urar da ba ta barci, tana leƙawa kowace sa'a? Kuma ba wai babu magani ba. Abraham Wald, a Amurka, ya wallafa hanyar gwaji daki-daki tun 1945, wadda ke ba da damar tsayawa da wuri ba tare da yaudarar kai ba. Idan irinta manhajar ke bi, faɗin hakan ba zai ci wa kamfanin rabin shafi ba. Rashin faɗin ne ya sa nake zargi.

Shi kansa Meta, mai Facebook, yana ba da shawarar a bar gwaji ya kai aƙalla kwana 7, kuma ya ce talla na buƙatar sakamako kusan 50 cikin mako kafin ya fita daga matakin koyo, wato lokacin da tsarinsu ke gano waɗanda ya fi dacewa a nuna wa tallan. Takardar ba ta ce uffan kan ko tana jiran wannan ba.

Sai kuma abin da ya fi damuna, namu na gida. Mai sayen shinkafar Yaya ba ya saye a shafin intanet. Zai ga talla, ya shigo WhatsApp, ya tambayi farashin buhu, ya ce sai ya yi shawara da uwargida, ya ɓace. Ranar da albashi ya shigo sai ka ji alat. A watan jiya wata mata daga Jega ta turo kuɗin buhu biyu, ta ce bidiyon da ta gani kusan mako biyu baya ne ya tsaya mata a rai, wanda Yaya ke zuba shinkafa a faranti tana cewa a duba, babu tsakuwa. Wannan bidiyon kuwa ɗaya tallan, na hoton buhu mai kyalli, ya ninka shi a yawan dannawa. Da manhajar ce ke riƙe da akala, da tun rana ta biyu ta binne shi.

Na duba ko za ta nemi izinina kafin ta kashe talla, ko tana ajiye dalilin hukuncinta inda zan karanta, ko kuma ana iya dawo da gwajin ba tare da an koma farko ba. Na farkon kawai na samu, shi ma can ƙarshen takardar. Na aika musu sauran tambayoyin tun ranar Talata.

Da na kai wa Yaya labari, tana auna wa wani yaro kwano biyu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Kai dai ƙanena, kada ka yi min cinikin biri a sama. In shawara za ta bayar ta bayar, amma kada ta taɓa min bidiyona.” A haka na saita manhajar, amsar kamfanin kuma har yau ba ta iso ba.