Sarauniya Mangu da bakin Jula: wa ke zaɓa wa fina-finanmu harshe?

Duk shekara idan lokacin raba kyautar Oska ya zo a Amurka, sai a sake tayar da maganar fina-finan da ba da Ingilishi aka yi su ba, kamar dai harsunan duniya gida biyu ne, Ingilishi a ɗaki guda, sauran kuma a cunkushe a zaure. A 2020 an yi ta shewa domin Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ya lashe babbar kyautar ba tare da Ingilishi ba, bayan shekara fiye da 90 ana wannan biki. Watanni kaɗan kafin nan, masu gasar sun cire Lionheart, wanda Nijeriya ta aika, daga rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Ingilishi ya rinjayi Ibon da ke cikinsa. Maƙwabtan namu sun ɗauki darasi, suka aika The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, dukansu da Hausa.

Ni da nake rubutu daga Tawa a Nijar, wannan muhawara ba ta cika zama tawa ba, domin Ingilishi bai taɓa zama shi ne ya tsare mana ƙofa a majigi ba. Abin da ya fi damuna tsohon al'amari ne da ya shafi ɗaya daga cikin manyan labaranmu. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ta tari rundunar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan, wadda ta ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Marubucinmu Abdullahi Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, da Faransanci. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1987. To, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, da taimakon gwamnatin ƙasar ta zamanin Toma Sankara, saboda haka sarauniyar Aznan Arewa, wadda Hausa ce harshenta, ta fito a majigi tana magana da Jula, ɗaya daga cikin harsunan Burkina Faso. Ba na zargin Hondo da komai, domin ya yi aikin da ya fitar da sunanta duniya, kuma mai kayan aiki shi ke da ikon inda za a kafa bukka. Sai dai jikokin mutanen Lugu, idan aka haska musu fim ɗin a yau, sai an nemo musu tafinta kafin su ji abin da kakarsu ke cewa.

Wannan shi ne darasin da tarihin sinimar Afirka ta Yamma ya sha nunawa: harshen fim yana bin aljihun wanda ya biya da kuma idon wanda ake so ya kalla. Lokacin da Usman Sambene na Senegal ya yi Mandabi a 1968, wanda ake ɗauka shi ne dogon fim na farko da harshen Afirka ta kudu da Sahara, sai da ya ɗauke shi kashi biyu, ɗaya da Wolof, ɗaya da Faransanci. A nan gida, Umaru Ganda, wanda ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa, ya ba da labarin tsohon soja da ya dawo gida a Cabascabo da Zabarmanci, aka nuna shi a bikin Kan na Faransa a 1969, sannan Le Wazzou polygame ya ba shi babbar kyautar FESPACO a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. Mustafa Alasan, wanda ya zauna tare da mu a nan Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Waɗannan mutane sun nuna tun da wuri cewa harsunanmu suna iya ɗaukar nauyin majigi, amma akasarin ayyukansu sun fi yawo a bukukuwan Turai, da fassarar Faransanci rubuce a ƙasan allo, fiye da yadda suka yi yawo a Ilela ko Madawa.

Wani zai ce ai wannan kuka ya wuce lokacinsa, tunda yanzu Hausa ta cika wayoyin salula da akwatunan talabijin. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar Kano ta tabbatar da cewa ana iya yin fim da kuɗin masu kallo, ba tare da jiran ofishin raya al'adu na wata ƙasa ba, masu ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya kuma sun gano abin da manyan daraktocinmu suka daɗe ba su kula da shi ba, wato mutumin da bai yi boko ba kunne yake kallo da shi, rubutun ƙasan allo bai amfane shi da komai ba. Amma kasuwa ma tana da nata zaɓin. Hausar da take so ita ce ta Kano, kuma yaro ɗan Adar da ya tashi yana kallon waɗannan fina-finai zai iya ɗauka cewa bakin iyayensa na zaman gida ne kawai, bai dace da jarumi ba. Idan haka ne halin Adaranci da Arewanci, to ina ga Tubanci da Gurmanci da Kanuri? Ƴan ƙoƙarin da aka yi ana iya ƙirga su da yatsu. Akwai Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda aka ɗauka a Agadas da Tamashek, mawaƙin nan ɗan jiharmu Mdou Moctar ya fito a ciki. Akwai kuma Zin'naariyâ na Rahmatu Keita a 2016, wanda ya haɗa harsunan ƙasa fiye da ɗaya, shi ne kuma fim na farko da Nijar ta taɓa aikawa gasar Oska.

Kundin sake gina ƙasa na Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A ganina wannan matsayi nauyi ya ɗora wa Hausa fiye da gata, domin harshen da aka ce na kowa ne dole ya zama gada, kada ya koma yi wa ƴan uwansa abin da Faransanci ya yi masa. Aikin da ya kamata hukumomin al'adu da gidajen talabijin na Yamai su fara da shi ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da shirya sabon fim: a nemi izinin masu haƙƙi, a ɗora muryar Hausa a kan Cabascabo, a ɗora ta Zabarmanci da Fillanci da Tamashek a kan fina-finan Hausa masu kyau, a kuma biya masu fassarar da suka san karin magana hakkinsu. Matasan da za su iya wannan aiki suna nan, suna yinsa kullum da ƙaramar kwamfuta a kan fina-finan Mumbai. Idan an tashi farawa, a fara da fim ɗin Hondo, a nemo mace ƴar Dogon Dutsi ta yi muryar Sarauniya, a kuma kai majigin Lugu kafin a kai shi cibiyar al'adu ta Umaru Ganda a Yamai.