Tambayar da wata tsohuwa ta yi mini a Faransa

Ranar 11 ga watan Nuwamba abin ya faru, kuma har yau bai sake ni ba. A ƙauyen da nake zaune a yammacin Faransa, ranar ce suke tunawa da ƙarshen yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918. Garin bai kai mutum 500 ba. Da hantsi, ana yayyafi, ga sanyi mai ratsa ƙashi, magajin gari ya fito rataye da ɗamara mai launin tutarsu, aka taru gaban wani dogon dutse da ke tsakanin coci da gidan burodi. A jikin dutsen an sassaƙa sunayen samarin garin da yaƙin ya ci. Wata yarinya ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, kowane suna ta kira sai jama'a su amsa cewa don Faransa ya mutu. Aka ajiye furanni, aka yi tsit na minti ɗaya. Ba mu wuce mu talatin ba, galibi masu furfura.

Daga nan aka shiga zauren ofishin magajin gari. A bango an manna jadawalin yawan mutanen garin tun daga 1793, ana ganin inda suka ƙaru da inda suka fara raguwa. Gefe guda ga hotunan tsofaffin rajistocin coci, rubutu ya koɗe amma yana karantuwa: wane ɗan wane, ranar kaza. Tun 1539 sarkinsu ya wajabta wa limaman coci rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa wankan shiga addini. Yau ma duk garin da bai kai mutum 10,000 ba, gida-gida ake ƙidaya shi kowace shekara biyar.

Wadda ta haɗa wannan baje koli tsohuwar malamar lakwal ce, mace mai kirki. Ta tambaye ni: "Kai garinku mutum nawa ne? Yaushe aka kafa shi?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. Na yi ta kame-kame a kan ƙidayar da aka yi a Nijar a 2012. Ta dafa hannuna ta ce, "Ayya, ashe ku ba ku da tarihi a ajiye." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta soke ni, na kwana ina juyi.

'Yan'uwana na Tawa, ku kun san amsar da ta maƙale mini a wuya. Wa zai ce Adar, yankinmu na Tawa, ba ta da tarihi? Zuriyar Agabba, ɗan Sarkin Agadas, tana riƙe da sarautar Adar shekara 300 ke nan, kuma ranar salla makaɗan fada ba sa buɗe takarda kafin su jero sarakuna. A ƙauyenmu kakata tana iya gaya maka wanda ya haƙa rijiyar farko, da inda maƙera suka fito, da dalilin da ya sa gidan wane ba ya aure a gidan wane. Shekarun nan da Turawa suka sassaƙa a dutse, mu ma mun yi namu rashin, domin yunwar Kakalaba a 1913 da 1914 ta faɗo. Ba mu kafa mata dutse ba, amma suna muka ba ta, kamar yadda muka kira ta 1984 El Buhari, kuma duk tsohon da ka taɓa zai faɗa maka wanda ya tafi bai dawo ba.

Kuma me takardun suka tsare musu? Lakwal ɗin garin an rufe ta, yaran da suka rage mota ke kwasarsu zuwa wani gari. Cocin sai a yi makonni ba a buɗe ba. Maƙwabcina ya haura tamanin, ya san sunan kakan kakan kakansa, amma shi kaɗai yake cin abinci gaban talabijin, 'ya'yansa sai Kirsimeti. Ranar da aka rufe matarsa na ƙirga mutanen da suka raka ta, ban ƙare yatsun hannu da na ƙafa ba. A wurinmu ko baƙo ne ya rasu a tasha sai an cika sahu. Wace ƙidaya ce za ta auna gayya, ko kwanon tuwon da ke ƙetare katanga kowane dare?

Ban ce ba su da abin koyi ba. Takardar mahaifina "an haife shi wajajen shekara kaza" aka rubuta, kuma na ga wuyar da rashin takardar haihuwa ke ba yaranmu in jarrabawa ta zo. Djibo Hamani ya yi babban aiki a kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara, amma da Faransanci ne, mu nawa muka karanta? Wannan gyara ne da za mu iya. Su nasu rashin ban ga ta inda za a gyara shi ba.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa tsohuwar ba. Kakata ta rasu ina nan. Shekara da shekaru ina kiranta, ina aika kuɗin hatsi da na magani, ban taɓa cewa "Kaka, ba ni labarin rijiyar nan in ɗauka" ba, alhali salular tana hannuna. Samarin da ya kamata su zauna gabanta suna Abijan, wasu Libiya, ni ina nan. Kwanan baya aka ba ɗiyata aiki a lakwal ta zana asalin danginta. Takardarta har da mintin da aka haife ta, amma daga kakana na tsaya cak, ta bar gurbin fari.

A daren na kira Kawu a Tawa, na ce ya jero mini kakanninmu in rubuta. Ya yi shiru, ina jin kiran sallar isha'i ta bayansa, sannan ya ce: "Ɗana, wanga ba zancen salula ba ne. Ka taho gida, ka taho da yarinyar, mu tafi ƙauye in nuna muku kushewun." Na ce to, Kawu, in Allah ya yarda bayan salla. Ya ce haka na ce bara.