Kafin Ka Yarda a Naɗa Ka Kwamishinan Ful ɗin Hoki

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuka sauka Kanada ba da jimawa ba.

Satumba ta kama, kuma na san abin da ke tafe. Nan da 'yan kwanaki wani zai buɗe zaure a WhatsApp ya ce a zo a haɗa ful ɗin hoki na bana, sannan a shiga neman wanda zai riƙe. Wanda ake ganin ya fi natsuwa shi ake ɗora wa, a kira shi kwamishina, kowa ya yi dariya har da shi. Ni an naɗa ni a nan Edmonton, kwamishinan da ba shi da ofis balle direba, kuma ban sauka daga kujerar ba sai da muka rasa aboki guda. Da wanda za a naɗa bana nake magana, amma sauran ma ku matso kusa.

Ga 'yan gida da ba su san abin ba, kusan irin wanda samarin Kano da Damagaram ke yi ne da 'yan wasan Firimiya a waya. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga gasar NHL ta hokin ƙanƙara, ya haɗa ƙungiyarsa a takarda ko a manhaja irin ta Yahoo ko ESPN. Duk ranar da ɗan wasanka ya zura a raga ko ya ba da aka zura, ka samu maki. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, bakwai daga ciki na Kanada, kuma ana bugawa daga Oktoba zuwa Afrilu kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na neman Kofin Stanley.

Ba zan ce muku abin ba shi da amfani ba, don na ci moriyarsa. Wanda bai yi hunturu a Alberta ba bai san kaɗaici ba. A Disamba rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, ranar Litinin kuma kowa a wurin aiki zancen Oilers, ƙungiyar hokin garinmu Edmonton, yake yi, kai kana tsaye kamar an kai akuya kallon bidiyo. Ful ɗin nan ne ya koya mana wasan. Ta nan na san cewa Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma a Edmonton aka haife shi. Ranar da na faɗi haka a wurin shan shayin ofis, wani dattijo Bature da bai taɓa wuce gaisuwa da ni ba sai da ya ja kujera muka yi hirar rabin awa. Shekararmu ta farko mu goma ne, yawanci 'yan Arewa, da mutum biyu daga Nijar da wani ɗan Zangon Kumasi. Ba sisi a ciki. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya zo na ƙarshe zai ciyar da kowa. Wani Bakatsine ne ya kwashi kashinsa a hannu, ya yi mana dambun shinkafa da ya ɗan kama ƙasan tukunya, muka cinye tas muna yi masa tsiya.

A kakar 2022 zuwa 2023 ne wani ya ce a ɗan sa wani abu don abin ya yi armashi. Dala hamsin-hamsin, ya ce, ko kuɗin man mota na mako bai kai ba. Na ji wani abu a raina, amma na yi shiru, don kada a ce kwamishina ya cika wa'azi. Daga wannan shirun ne duk abin da zan ba ku labari ya faro.

Ku fara da ƙuri'a. Dole a fitar da wanda zai fara zaɓe, kuma a shekarar kowa ya san wanda ya fara Connor McDavid, tauraron Oilers, zai ɗauka. Na rubuta sunaye goma a ƙananan takardu, na nannaɗe, na zuba a hulata, na girgiza, na rufe ido na zaro. Sunana ne ya fito. Wallahi haka aka yi. Amma ni kaɗai ne a ɗakin, sai tukunyar shayi. Da na tura jerin a zaure ba wanda ya ce uffan, sai mutum ɗaya da ya turo hoton fuska mai murmushi. McDavid ya gama kakar da maki 153, ƙwallo 64 a ciki, kuma duk daren da ya yi ɓarna sai wani ya rubuto, “Hular kwamishina akwai albarka.” Da babu kuɗi, wasa ne. Da kuɗi a tsakani, kowace dariya tana da ƙaya. Ɗan uwa, gaskiyar da ba ta da shaida wahalar da mai ita take yi. Ka yi ƙuri'arka a gaban mutane, wani daban ya zaro, ko ka bar manhaja ta yi kowa na kallo.

Sai kuɗin kansa. An turo mini ta Interac zuwa asusuna, inda albashina ke shiga, inda kuɗin haya ke fita. Mutum takwas suka biya, biyu suka ce sai ƙarshen wata, ni kuma kunya ta hana ni tuni. A Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauko, tayoyin hunturun motata sun suɗe, albashi saura kwana tara. Na ɗauki dala ɗari uku daga ciki. Na mayar ranar da aka biya ni, kuma ba wanda ya sani sai yau da nake rubutawa. Amma kwana taran nan, duk saƙon da ya shigo daga zauren sai gabana ya faɗi. Ban yi sata ba, na dai taɓa amana ba tare da izinin masu ita ba, kuma wanda ya taɓa sau ɗaya ya ga ba a kama shi ba, na biyu ba ya yi masa nauyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Mu goma, duk masu digiri ko masu nemansa, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba.

Rashin rubutun nan ne ya kama ni a Fabrairu. Wanda ke can ƙasan teburi, da ya ga ba shi da sauran rabo, sai ya ba abokin ɗakinsa Leon Draisaitl, ya karɓi wasu 'yan wasa biyu da ko sunansu ba ya iya faɗa daidai. Draisaitl fa, wanda ya ƙare shekarar da maki 128. Abokin ɗakin nan shi ne ke bi na a teburi. Zaure ya kaure, aka ce kwamishina ya yanke hukunci. In na soke musayar, an ce na kare kaina. In na bari, an ce na bar maguɗi. Na nemi dokar da zan jingina da ita, babu, don tun farko ba mu kafa ba. Na soke, kuma har gobe ina ganin daidai na yi, amma ba ni ya kamata in yanke ba tunda ina da rabo a ciki. Tun ran gini tun ran zane. Yadda ake ƙirga maki, nawa mai tsaron raga ke samu in ya hana a zura masa ko ɗaya, ranar da ake rufe musaya, wa ke da ikon sokewa, me za a yi in ɗan wasa ya ji rauni, duk a rubuta kafin a zaɓi mutum na farko, kowa ya amsa da bakinsa. Shari'ar da ta shafi kwamishina kuma a ba mutum uku da ba ruwansu.

Kuna tsammanin mun ɗauki darasi? Da Afrilu ta zo sai muka ce a sake sabon ful na zagayen kofi, a wannan karon dala ɗari-ɗari. A irin wannan, ƙungiyoyi 16 ne, kuma da an fitar da ƙungiya 'yan wasanta sun daina kawo maka maki. Abokinmu guda, wanda ya fi mu duka sanin wasan, mai teburin lissafi a kwamfuta, ya tara 'yan Boston Bruins. Ba wanda zai ga laifinsa, Boston ta ci wasa 65 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, David Pastrnak kaɗai ya zura 61. Suka haɗu da Florida Panthers, wadda da ƙyar ta samu gurbi. A wannan zagayen wadda ta fara cin wasa huɗu ita ke wucewa, kuma Boston ta kai uku da ɗaya, saura wasa guda ta wuce. Florida ta ci uku a jere, na ƙarshen a ƙarin lokaci, ranar 30 ga Afrilu, 2023. Mako biyu da farawa, mutumin nan ba shi da sauran ƙungiya. Kuma bai riga ya biya ba.

Na tuna masa sau ɗaya a ɓoye. Wani ya tuna masa a fili cikin zaure, da kalmar da ba a faɗa wa ɗan mutunci. Ya mayar da martani da zancen hula da zancen Draisaitl, ya turo dala ɗarin da ƙarfe biyun dare, ya fice. Wannan mutumin shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, da rigar sanyi ta aro a kujerar baya don ya san ban zo da ta kirki ba.

Na san amsar da wasunku ke shiryawa, don ni ma na yi ta: wai wannan ba caca ba ce, ilimi ne, sai ka bi labarin rauni da jadawali. To, wa ya fi mai teburin lissafin nan ilimi? Kowa ya zuba kuɗinsa, mutum ɗaya ko biyu su kwashe, a kan abin da ba wanda ke da iko da shi a cikinku. Wani kuma ya ce mini ai kamar adashi ne. A adashi kowa kwasarsa na zuwa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka. Ni ba malami ba ne, ku kai wa malamanku tambayar yadda take ba tare da kwaskwarima ba. Abin da na sani shi ne aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta faɗi abin da caca ke haifarwa: gaba da ƙiyayya a tsakani, da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Na farkon kun ji yadda ya same mu. Na biyun kuma, daren 17 ga Afrilu, 2023, aka fara zagayen kofi, Oilers da Los Angeles Kings a nan cikin gari, kuma shi ne daren 27 ga Ramadan. Ina sahu, liman ya sallame tsakanin raka'o'i, hannuna ya zura aljihu da kansa. Wasan ya tafi ƙarin lokaci. Na duba gefe, sai ga wani ɗan ful ɗinmu shi ma ya sunkuyar da kai, hasken waya na haska masa gemu. Muka haɗa ido, kowa ya kawar da kai. Oilers ɗin ma aka cinye su.

Kuma ku lura da ƙasar da kuke ciki. Tun Agustan 2021 doka ta halatta yin caca a kan wasa guda a Kanada, Ontario ta buɗe kasuwarta ga kamfanoni a Afrilun 2022, tallarsu ta cika hutun wasa har sai da lardin ya hana sa 'yan wasa a irin tallar a 2024. Wayar da kake duba makinka ita ce ke nuna maka tallar. Ɗan wasan Ottawa Senators, Shane Pinto, an dakatar da shi wasa 41 a 2023 kan saɓa dokar caca ta gasar. Yaron da ka koya wa jin daɗin dala hamsin a kan ƙwallon McDavid, ba ka san inda zai kwana ba in ya kaɗaita da waya cikin dare, ga kuɗin makaranta da iyayensa suka sayar da fili suka turo yana zaune a asusu.

In a wurin aiki ne aka gayyace ka, ba sai ka ɗaure fuska ba. Ka ce kana so ka shiga don nishaɗi amma ba ka sa kuɗi ba ka karɓa. Na gwada, ba wanda ya ɗauke ni baƙauye, sun sa sunana a teburi, sun ci gaba da tsokanata duk ranar da golana ya sha huɗu.

Namu kuwa mun mayar da shi yadda ya faro. Dala ɗari-ɗarin nan kowa na mayar masa da abinsa, bayan gardamar da ta ci mako guda. Dokokinmu yanzu shafi ɗaya ne, an liƙa a saman zaure. Kujerar kwamishina tana zagayawa duk shekara. Wanda ya zo na ɗaya yana riƙe wata tsohuwar sandar hoki da muka saya a shagon gwanjo, ana rubuta sunansa a jiki da alƙalami, na ƙarshe kuma yana shiga kicin. A 2024 tare muka kalli wasa na bakwai da Florida ta doke Oilers biyu da ɗaya ta ɗauki kofi, mu tara a falo ɗaya, baƙin cikinmu iri guda, ba mai lissafin aljihun wani.

Na goman bai dawo ba. Kuɗinsa da na tura masa ya karɓa, ya rubuto “na gani” kawai. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi aiki. Makon jiya na tare shi wajen takalma na ce masa Asabar mai zuwa za a yi zaɓe a gidan ɗan Kumasi, ba ko sisi a ciki, kuma Bakatsinen nan ne zai sake yin dambu. Ya ɗan yi murmushi yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce zai duba jadawalin aikinsa.