Gyaran Gangar Auzinawa a Kan Jitar Bes

Ranar da na sayi jitar bes mai ƙoƙon katako, irin wadda ake kaɗawa ko babu lantarki, na zaɓi mafi araha a cikin waɗanda aka jera mini, ina sane da cewa araha ba ta ado, amma na ƙudurta cewa abin da masana'anta suka gaza ni zan ƙarasa shi da hannuna. Tsirkiyoyinta huɗu ne, E da A da D da G, kuma mafi kaurinsu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin da ƙirji ke riga kunne ji. Matsalarta ɗaya ce: tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar, har sai da na riƙa cije leɓe kafin in danne guda, kuma cikin kwana uku yatsuna suka yi kanta.

Na karanta cewa akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan mai daidaita lanƙwasarsa, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na murɗa noti, ta cikin ramin ƙoƙon, kuma ƙa'ida ita ce a sassauta tsirkiyoyi, a juya rubu'in zagaye kawai, sannan a bar katakon ya huta kafin a ƙara. Ni kuwa na ga rubu'in zagaye aikin matsorata ne, saboda haka na murɗa zagaye guda cur a zama ɗaya. Wuyan ya lanƙwashe baya, tsirkiyoyin suka kwanta a kan na farko-farkon ƙarafan da aka gitta a jikin wuyan, duk abin da na taɓa sai ya yi ƙugi kamar an tsokani gidan rina. Da jikina ya yi sanyi na koma bin ƙa'ida: na sassauta kaɗan-kaɗan, na danne tsirkiya a ƙarfe na farko da kuma inda wuya ya haɗu da ƙoƙo, na tura katin takarda tsakanin tsirkiyar da ƙarfe na 7 har ya shige da ƙyar, wato tazarar ta kai kimanin milimita 0.3. A daren nan ne alankin ya yi ɓatan dabo, kuma ban yi wata-wata ba na ɗora laifin a kan ƙanena, wanda ya rantse bai ma san kamanninsa ba.

Saura jaki, wato siririn farin abin nan na fuskar ƙoƙon da tsirkiyoyi ke hawa a kansa. A ƙarfe na 12 tsayin tsirkiyar E milimita 4 ne, ni kuma 3 nake so, kuma lissafin a bayyane yake: duk milimita ɗaya da ake son ragewa a can, sai an cire biyu daga gindin jakin. Abin da ban kula da shi ba shi ne, ana shimfiɗa samfefa ne a kan abu mai sumul kamar gilashi, a goga jakin a kai a miƙe. Ni a hannu na riƙe su duka biyun, ina gogawa ina hira, har gindin ya zama kamar cikin kwale-kwale. A ƙarƙashin jakin kuwa akwai wani siririn zare mai ɗaukar sauti, wanda ba ya aiki sai an danne shi daidai daga farko har ƙarshe. Da na jona jitar da amfilifaya, A da D suka yi ruri kamar za su tsaga sifika, G kuwa ta yi gum kamar an yi mata rasuwa. Garin neman gira na rasa ido.

Duk wannan bai dame ni ba kamar wata ƙara da ta ɓullo, wani kacau-kacau da ke biyo bayan tsirkiyar E duk sanda na kaɗa ta da ƙarfi. Na zargi bushewar iska, domin katakon jita ya fi son danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, sai na sa jiƙaƙƙen soso a leda mai huji na ajiye a cikin jakarta. Na sauya tsirkiyoyin tagullar gaba ɗaya, ina goge su da ƙyalle bayan kowane kiɗa. Na sauya batirin cikin jitar mai ƙarfin bolt 9, wanda dama ya mutu tuntuni saboda na saba barin waya a jone dare da rana. Na ɗaure kowane noti da idona ya gani. Ƙarar tana nan daram, har na fara gaya wa mutane cewa salon jitar ne.

Bayan mako biyar na haƙura na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Na zauna na zayyana masa duk binciken da na yi, har da ra'ayina cewa wataƙila ɗaya daga cikin katakan da ke tallafe fuskar ƙoƙon daga ciki ne ya ɓalle. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, ya zare jakin, ya ɗora shi a kan tebur, jakin ya yi ta lilo shi kaɗai.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika?" in ji shi.

"Baba, wani ne da ba na son in ambaci sunansa," na amsa ina kallon ƙasa.

Ya ce sai an sa sabon jaki, sannan ya ɗaga jitar da hannu biyu, ya kifa ta, ya girgiza sau biyu. Alankina ya faɗo daga ramin ƙoƙon, ya yi tsalle a kan tebur, ya tsaya daidai gabana. Dattijon ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"Idan ka ga mutumin nan da ba ka son ambaton sunansa, ka ba shi kayansa."

Har yau ƙanena bai san an ga alankin ba, domin a aljihun jakar jitar na ɓoye shi, naɗe cikin ƙyalle don kada ya sake yin ƙara.