Alkahira ba ta masu hannu da shuni kaɗai ba ce

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta. Duk wanda ka ce wa za ka je Alkahira yawon buɗe ido, abin da zai fara cewa shi ne, "Allah Ya ba mu irin naku." A zatonsa sai wanda ya tara ya bari ke irin wannan tafiya. Ni ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata kamar kowa, na yi adashi na shekara guda, na je na yi kwana shida ni da maiɗakina. Abin da na gani shi ne mutanenmu ba rashin kuɗi ne ke cutarsu a can ba, rashin sanin inda za a sa kuɗin ne.

Ka duba yawan 'yan Arewa da ke sauka a birnin nan. Wani ya kai mara lafiya asibiti, wani ya je ganin ɗansa da ke karatu a Azhar, wata ta je saro kaya. Sai mutum ya yi mako biyu, amma in ka tambaye shi me ya gani, ba abin da zai lissafa sai ɗakin da ya kama, da motar da ya yi shata, da kantin da ya sayo jallabiya. Kuɗin da ya kashe a kan waɗannan ukun ya isa ya zaga rabin tarihin Musulunci da ƙafarsa. Wannan abu yana yi mini ciwo matuƙa.

Tikitin jirgi da biza su ne ke cinye kaso mafi tsoka, kuma nan ba wata dabara sai sammako. Jirgin EgyptAir na zuwa Kano da Abuja da Legas, don haka a fara bibiyar farashi tun saura watanni, a nemi biza da wuri, kada a manta da katin rigakafin shawara. A guji tsakiyar Yuli da Agusta saboda zafi, a kuma sani cewa ƙarshen Disamba Turawa ne ke cika garin, komai sai ya tashi. Lissafin guzuri kuwa a yi shi da dalar Amurka. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya cikin yini guda, saboda haka farashin da wani ya gaya maka na shekarar da ya je ba abin dogaro ba ne.

Batun masauki ba zan ja shi ba. Ɗaki mai tsabta da banɗaki da ƙofa mai kulluwa, a tsakiyar gari, inda suke kira Wusɗul Balad, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shi ke nan. Wanda zai fita tun hantsi ya dawo bayan Isha'i, me zai yi da otal mai wurin wanka da kallon kogin Nilu?

Inda na fi son mu tsaya shi ne zirga-zirga, don a nan ne ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa. Alkahira na da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, shi ne na farko a Afirka, yana da layi uku, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma sai ka ji ɗan'uwanmu ya ce shi ba zai shiga ba, wai zai ɓata. Yaya za ka ɓata a wurin da aka rubuta sunan kowace tasha da Larabci da boko, alhali ka yi makarantar allo? Tashar Sadat tana ƙarƙashin dandalin Tahrir, tashar Mar Girgis tana kai ka tsohuwar unguwar Fusɗaɗ, tashar Giza kuma daga nan sai a ƙarasa wurin daloli, wato manyan gine-ginen dutsen nan na Fir'aunoni masu siffar dalar gyaɗa, da ƙaramar bas ko tasi. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon da aka ware wa mata zalla, abin da ya kwantar wa maiɗakina da hankali sosai lokacin cunkoso. Mukan yi alkawarin tashar da za mu sauka, ta shiga nata, in shiga nawa. Inda jirgi bai kai ba sai mu kira mota ta waya, Uber na aiki a can, ka ga kuɗinka tun kafin ka shiga, babu ciniki babu musu. In kuwa dole ta sa ka tari farar tasi a titi, to ku daidaita ko ya kunna mita kafin ka rufe ƙofa.

Dabarar da ta fi rage mana kashe kuɗi ita ce raba kwanaki unguwa-unguwa. Cunkoson motocin Alkahira ba abin wasa ba ne, wanda ya ce zai ga Giza da safe ya ga Azhar da rana, to a titi zai yini. Mun ba tsohon birni yini guda cur, kuma wannan yinin ne ya fi kowanne arha ya kuma fi kowanne daɗi. Mun faro daga ƙofar gari ta Babul Futuh muka bi titin Mu'izz a ƙafa har ƙofar Babu Zuwaila, tafiyar da ba ta fi kilomita ɗaya da 'yan kai ba, amma masallatai da makarantu da rijiyoyin sadaka na ɗaruruwan shekaru ne jere hagu da dama. Muka yi Azahar a masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, ba a karɓi ko sisinmu ba. Ina zaune a farfajiyar nan mai farin dutse sai tunani ya ɗauke ni. Mansa Musa ya yada zango a garin nan a 1324 a hanyarsa ta hajji. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu masauki a Alkahira tun ƙarni na 13, kuma a Azhar ɗin kanta akwai sashen da aka san shi da sunan Barebari. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga nan ya rubuta wa Sarkin Katsina da na Agadas wasiƙar nasiha. Kakanninmu da raƙumi suka ratso Sahara don su zauna a inda nake zaune. Mu kuma da jirgi ya kawo cikin sa'o'i, a ce mun koma gida ba mu leƙa ba?

Kasuwar Khan Khalili tana daf da wurin. A shiga a sha kallo, amma a riƙe aljihu, don farashin farko da za a gaya maka na baƙi ne. Wanda ya saba ciniki a Kantin Kwari ba sai an koya masa ba.

Abinci kuwa, wallahi duk wanda ya ce ya kasa cin abincin Masar bai gwada na talakawansu ba ne. Da safe ful ake ci, wato dafaffen wake da mai, da ɗa'amiyya wadda ƙanwar ƙosai ce, a cusa cikin gurasarsu da suke kira aish baladi. Da rana koshari: shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake da suke kira adas da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama, kwano ɗaya ya riƙe ka har dare. Mulukiyyarsu ba komai ba ce illa miyar lalo. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom kuma goruba, ga ruwan rake ana matsewa a gabanka a kowane lungu. Bahaushe ba baƙo ba ne a teburin nan. Abin da kawai nake kiyayewa shi ne in ci a inda na ga 'yan gari sun yi layi, in kuma sayi ruwan gora babba in ajiye a ɗaki. Masu neman inda ake tuwo da miyar kuka a unguwar Madinatu Nasar ban hana su ba, kewar gida gaskiya ce, amma tafiyar kwana shida ba ta kai a kashe kuɗin mota da rabin yini a kan tuwo ba.

To duk wannan tsimin don me? Don a samu na biyan kuɗin shiga wuraren da suka cancanta, kuma a nan ne ba na goyon bayan ƙoro ko kaɗan. Na ga wanda ya zo har bakin ƙofar dalolin Giza, ya ji kuɗin tikitin baƙi, ya ce ai daga nan ma yana hangowa, ya ɗauki hoto ya juya. Bayan ya biya kuɗin jirgi tun daga Kano! Dalar Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali mita 146, sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kusa kai maka kafaɗa kafin ka gane abin da ake faɗa. A tanadi katin banki mai aiki a waje, don yawancin manyan wuraren nan yanzu da kati ake biya, ɗalibi mai katin shaida na ƙasa da ƙasa kuma ana yi masa ragi. Masu raƙuma da dawaki za su yi maka caa, wani ya ce hawa kyauta ne. Na ga yadda aka yi da wani bawan Allah, hawan ya zama kyauta amma saukar sai da ya biya. Ka ce "la, shukran", wato a'a na gode, ka wuce abinka.

Gidajen tarihi sai an zaɓa, don ba duka aljihu zai ɗauka ba. Akwai tsohon na Tahrir da aka buɗe a 1902, akwai sabon katafaren da ke kusa da daloli inda kayan Fir'auna Tutankhamun suke. Mu mun zaɓi na Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakunan Masar su 22 a watan Afrilun 2021, har da ta Ramsis na Biyu. Mun shiga ɗakin nan mai duhu, kowa ya yi tsit. Ga mutanen da suka mulki duniyar zamaninsu kwance cikin gilashi, gashi da farce duk ana gani. Maiɗakina ta kama hannuna, ba ta ce komai ba sai da muka fito. Daga nan muka nufi masallacin Amru bin Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar, muka yi La'asar.

Fadar Salahuddin da aka fara ginawa a 1176 da masallacin Ibnu Ɗulun mai hasumiyar nan da matakalarta ke kewaye ta waje, su muka haɗa a yini ɗaya, muka ƙare da ziyarar kabarin Imam Shafi'i. Daren ƙarshe muka tsaya a gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna, cikin iyalan Misirawa da suka fito shan iska, muna cin gasasshiyar masara.

Ranar komawa mun ware kuɗin motar filin jirgi tun farkon tafiya a wata ambulan daban, muka kuma bar masauki awa huɗu kafin tashi saboda cunkoso. Iskandariyya ce ba mu samu zuwa ba. Jirgin ƙasa ne ake hawa daga tashar Ramsis, tafiyar wajen awa uku, a je da safe a dawo da dare. Na riga na sa ta a lissafin adashin bana, in Allah Ya kai mu.