Gidan Alhaji Ya Yi Wayo

Tun da Alhaji ya dawo daga Dubai ya rantse hannunsa ba zai ƙara taɓa makunnin fitila ba. Duk wani makunni da ke gidansa na unguwar Tumfure a Gombe sai da ya sa aka liƙe shi da salatif.

"Kawu, an gama," in ji Injiniya, ɗan ƙanwarsa da ya gama jami'ar ATBU ta Bauchi yake zaman jiran aiki. "Ƙwan fitila 12, kyamara, da makullin ƙofa mai karanta yatsa. Amma kada a kashe makunnin bango. Ƙwan sai da wuta a jikinsa yake jin umarni ta wayifai."

"Ni za ka koya wa? A gabana ake yi a Dubai." Alhaji ya gyara babbar riga, ya fuskanci ɗan gwangwanin na'urar karɓar umarnin murya da ke kan tebur. "Alexa! Kunna fitila."

Shiru.

"Kawu, ba ta jin Hausa."

"Da na ƙirga musu kuɗina, da wane yare na ƙirga?"

"Tana jin Turanci, da Faransanci, har da Larabci."

"Larabci? Ai ka gama magana. Ya Alexa! Kam haza?"

Larabcin Alhaji dai na cinikin jallabiya ne a Makka, bai wuce tambayar farashi ba.

Can sai aka ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Alhaji! Ƙofar nan ta ƙi ni!"

Injiniya ya ruga ya buɗe. "Hajiya, lallen bikin nan ne ya rufe miki zanen yatsa."

"Shekara 27 ina shiga gidan mijina, yau ƙofa ce za ta nemi shaida a wurina? Kuma wace ce wannan da kake ta rangaɗa wa kira, tun daga bakin titi ake jiyo ka?"

"Na'ura ce, Hajiya."

"Na'ura. Ni rabon da ka kira sunana sau biyu a jere tun ina amarya."

Ba ta rufe baki ba aka ɗauke wuta. Aka kawo. Aka ɗauke. Aka kawo. Aka sake. Nan take ƙwayayen nan 12 suka kama ƙiftawa tare, falo ya koma kamar wurin gala.

"Ka ga aiki!" in ji Alhaji. "Marhabin suke yi mini."

"A'a Kawu. Irin waɗannan, in aka kashe aka kunna sau uku a jere, sai su manta komai, su koma jiran a sake haɗa su da waya ɗaya bayan ɗaya."

"Wa ya kashe? Na ce kada a taɓa!"

"Masu wuta ne. Ai na ce a ɗora su kan inbata, ka ce sai wata mai zuwa."

Su kuwa masu wutar, takardar kuɗinsu ce kaɗai ba ta taɓa ƙiftawa ba, ƙarshen wata tana nan daram.

Hajiya ta kai hannu za ta ɓare salatif.

"Kowa ya taɓa makunnin nan ban yafe ba!"

Kwana uku ana cin tuwo loma ɗaya a haske, loma ɗaya a duhu. Maƙwabta har sun aiko tambaya ko amarya aka kawo.

Ran Juma'a abokin gasarsa Alhaji na Bauchi ya iso ganin gida mai wayo. Kafin nan Hajiya ta sa an mayar da tsofaffin ƙwayaye, ta tsayar da Ɗanjuma yaron gida bayan labule, kusa da makunni. Alhaji ya ga ƙafafun yaron, ya ɗauke kai.

"Alexa! Kunna fitila."

Haske ya kawo.

"Ikon Allah!" in ji baƙo.

"Ƙaramin aikinta ke nan. Alexa! Kashe. Kunna. Kashe. Kunna. Kashe fanka!"

"Alhaji, ta falo ko ta ɗakin Hajiya?" in ji labule.

Baƙo ya ajiye kofin kunun aya. "Har Hausa take ji?"

"Ni na koya mata."

"Amma kamar muryar namiji na ji."

"Hazon Gombe ne, Alhaji. Tun shekaranjiya take fama da mura."