Masu cewa zamanin hadda ya wuce ba su san ƙwaƙwalwa ba

Tun da ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi kamar mutum, ya fito a ƙarshen 2022, wata magana ta zama ruwan dare a tarukan ilimi da shafukan sada zumunta: wai ba sauran amfanin a sa yaro ya riƙe komai a kai, tunda duk abin da yake nema yana cikin waya. A koya masa tunani kawai, in ji su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu wannan magana ke fakewa da kimiyya, alhali kimiyyar ta fi shekara 60 tana faɗar akasin haka.

A 1968 ne masana halayyar ɗan Adam Richard Atkinson da Richard Shiffrin suka fitar da bayanin da ya shahara, cewa ƙwaƙwalwa tana da ma'aji na ɗan lokaci da kuma na dogon zango. Na dogon zangon rumbu ne da ba a san iyakarsa ba. Na ɗan lokacin kuwa bai wuce tafin hannu ba, kuma a nan ne ake yin tunanin da suke ta kururutawa. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa abu bakwai yake ɗauka, ko sama ko ƙasa da biyu. Nelson Cowan ya zo a 2001 ya ce bakwai ɗin ma an yi mana alfarma, kusan huɗu ne. Ga saurin zubewa: a gwajin Lloyd da Margaret Peterson na 1959, an ba mutane haruffa uku kacal, aka shagaltar da su da ƙirge da baya, cikin daƙiƙa 18 yawancin haruffan sun ɓace.

To da wannan ɗan wuri ake so yaro ya buɗe waya, ya karanto abubuwa goma da bai taɓa ji ba, ya riƙe su a lokaci guda, ya kuma auna gaskiyarsu? Da me zai auna?

Abin da ke faɗaɗa wurin nan shi ne abin da mutum ya riga ya sani. William Chase da Herbert Simon sun nuna haka a 1973 da 'yan wasan ches, wani wasa mai kama da dara da ake yi a kan allo. Idan aka nuna wa gwani allo daga wasa na gaske na 'yan daƙiƙu, sai ya maido da 'ya'yan wasan wurarensu fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. Da aka watsa su barkatai, fifikon nasa ya kusa ɓacewa. Ashe dubban tsare-tsaren da ya tara a kai ne ke sa ya ga 'ya'ya biyar a matsayin abu ɗaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɗalibin jami'ar Carnegie Mellon da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka ba da rahotonsa a 1980. Ya fara da riƙe lambobi bakwai, bayan dogon atisaye ya kai kusan 80. Ɗan tsere ne, don haka yake mayar da jerin lambobin zuwa lokutan gudu da ya sani. Da aka ba shi haruffa maimakon lambobi, sai ya dawo wajen shida kamar kowa. Ma'ajinsa na ɗan lokaci bai ƙaru ba ko kaɗan. Sanin da ke cikin kansa ne ya yi aikin, kuma sanin da ke cikin waya ba zai taɓa yin wannan ba, domin yana wajen kai.

Za a ce hadda ba fahimta aikin aku ne. Wa ya musa? Don wani ya yi abu ba daidai ba, ba shi ke sa a hana kowa yinsa ba.

Gaskiyar magana, wannan ra'ayi zalunci ne ga yara. Masu yaɗa shi sun girma da jadawalin lissafi da tarihi da dubban kalmomi a kansu, da su suke gane lokacin da na'ura ta shirga ƙarya. Yanzu suna son a tashi wasu ba tare da wannan jari ba, a kuma kira abin ci gaba.

Malamai su yi kunnen uwar shegu da su. A zaɓi abin da ya cancanci riƙewa, a bayyana ma'anarsa, sannan a riƙa tambayar ɗalibai shi littafi a rufe, ana barin kwanaki a tsakani. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka gwada tunowa sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatu riƙe abin.